Sarauniya Salome Alekzandara da Darajar Mace a Tarihin Yahudawa

A ƙarshen Littafin Karin Magana na Bani Isra'ila akwai waƙar yabon mace mai baiti 22, wadda magidantan Yahudawa kan rera wa matansu daren Juma'a. Kalmar Ibrananci da aka siffanta macen da ita, wato hayil, ita ce dai ake siffanta barde da ita a fagen fama. Saboda haka fassara ta da “mace ta gari” ragi ne. In ana neman macen da ta cika wannan suna a tarihi, sai a dubi Salome Alekzandara, wadda ta mulki ƙasar Yahudiya daga shekarar 76 zuwa 67 kafin haihuwar Annabi Isa.

Ba gadon daɗi ta hau ba. Mijinta, Sarki Alekzanda Yannai, ya shafe shekaru yana yaƙi da talakawansa, har ya gicciye mutum 800 a Birnin Ƙudus, kamar yadda marubucin tarihi Yosifus ya ruwaito. Da ajali ya zo masa, sai ya tsallake 'ya'yansa maza biyu ya danƙa mata ƙasar, ya kuma yi mata wasiyya ta sasanta da malaman Farisiyawa, abokan gabarsa. Ta jawo su cikin majalisa, aka saki fursunoni, waɗanda suka yi hijira suka komo. Da yake mace ba ta limanci, ta naɗa babban ɗanta Hirkanus limamin Haikali, amma takobi da baitulmali suka zauna hannunta. Ta ninka rundunar ƙasar. Da Tigiranis, sarkin Armeniya, ya kewaye birnin Akka, ta aika masa da kyaututtuka, Yahudiya ta tsira.

Shimon ɗan Shetak, wanda littattafan malamai suka ce ɗan'uwanta ne, shi aka jingina wa dokar da ta sa duk dukiyar miji ta zama jinginar haƙƙin matarsa in ya sake ta ko ya mutu. Wannan ya fi kowane kirari amfani ga matan talakawa.

To, amma sulhun ya ci rayuka. Farisiyawa sun rama a kan fadawan mijinta, ita kuwa don ta kāre ragowar sai ta ba su tsaron wasu garuruwa masu ganuwa. Da ta kwanta ciwo, ƙaramin ɗanta Aristobulus ya sami kagara 22 a hannun waɗannan mutane. Yosifus ya zarge ta da son mulki, alhali da bakinsa ya shaida ta zaunar da ƙasa lafiya. Ta rasu tana da shekara 73, 'ya'yan suka kaure da yaƙi, kowa ya kai ƙara ga Rumawa. A shekarar 63 Janar Pompi ya ci Birnin Ƙudus.