Alkafura Mai Murɗiya: Tarihinta da Darasin Filin Dambe



Duk wanda ya zaga Sabonjida da yamma yana iya cin karo da samari a gefen tulin yashin magina, wannan ya sheƙo a guje ya tashi sama, ya juya baya, ya murɗa jikinsa kamar igiya, sannan ya dira da ƙafafu, wancan kuwa yana riƙe da waya yana ɗauka. Wasan nan Turawa na ce masa tirikin. Mu kuwa muna da kalmominmu tun kaka da kakanni: adungure ga yaro mai mirgina a ƙasa, alkafura ga wanda ya tashi sama ya juya. Abin da ya zo sabo shi ne haɗa juyi biyu a tsalle guda, wato alkafura da murɗiya. Yana da kyau mu san inda abin ya fito, domin wuyan 'ya'yanmu ne a kan gaba.

Tirikin ya tsiro ne a Amurka daga gasannin karati na shekarun 1980 da 1990, inda masu nuna gwaninta suka riƙa ƙara tsalle da juyi don burge alƙalai. Daga takwando na Koriya suka ɗauko shurin da ake yi ana jujjuyawa a sama, daga wushu na Sin suka ɗauko juyin da ake kira na malam-buɗe-littafi, daga kafuwera ta Birazil suka ɗauko wuntsilawa a kan hannu. Da aka buɗe YouTube a 2005 sai wasan ya bazu duniya ba tare da malami ya bi shi ba, kuma ta haka ya iso wayoyin samarinmu.

Kafuwera ta cancanci mu tsaya a kanta. Bayin da aka kwashe daga Afirka ne suka raya ta a Birazil, kuma jijiyarta ta fi ƙarfi a yankin Angola da Kongo. Sai dai jihar Bahiya, wadda ta zama babbar cibiyarta, ƙasa ce da Hausawa suka sha wuya a cikinta. A 1807 aka gano shirin tawayen bayi Hausawa a birnin Salbado, a watan Janairun 1835 kuma Musulmi bayi da 'yantattu, akasarinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka yi boren da ake kira na Male. Bayan boren, a 1836, wani ayarin mutanen Birazil ya sauka Akara, su ne kakannin Tabom na yau. Dokar Birazil ta 1890 ta haramta kafuwera, daga baya Mestre Bimba ya buɗe makarantarsa a Salbado a 1932 ya tsara mata darussa mataki-mataki. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya da'irar kafuwera cikin kayan gādon ɗan Adam. Makaranta da tsari ne suka fito da ita daga lungu.

Mu ma ba baƙin wasan jiki ba ne. Kakanninmu fatake da suka biyo hanyar goro zuwa Gwanja suka zauna Salaga, sannan suka watsu bayan yaƙin basasar 1892, wasu suka taru a Tamale da Turawa suka mayar hedkwatar Arewa a 1907, sun fito ne daga ƙasar dambe da kokawa da langa. A can ne 'yan hoto ke cilla garma sama su tare ta da jikinsu. A can ne mahauta ke fita dambe bayan kaka, hannu ɗaya a naɗe da zare shi ne mashi, ɗayan a buɗe shi ne garkuwa, kuma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa. Sunan Shago bai ɓace ba saboda waƙar da Ɗan Anace ya yi masa. A Nijar kuwa tun 1975, da aka fara a Tawa, ake gasar kokawar takobi ta ƙasa.

Abin lura a dukkan wasannin nan shi ne babu mai shiga fili da ka. Ɗan dambe yana da ubangida. Yakan daɗe yana ɗaukar kaya, yana kallo, yana karawa da tsararrakinsa kafin a sa shi gaban babba. Filin ma ƙasa ce mai taushi ko rairayi, kuma akwai manya masu raba wasa. Waya ta kawo wa samarinmu gwanintar, amma ta bar ubangida da rairayi a baya. Suna ganin daƙiƙa goma na nasara, ba sa ganin shekarun da aka yi ana faɗuwa a kan katifa.

To, me masana suka tabbatar game da murɗiya? Na farko, tsawo ne uwar juyi. Lokacin da mutum zai yi a sama yana yankuwa ne tun sa'ad da ƙafarsa ta bar ƙasa, babu abin da zai ƙara shi bayan nan. Mafi yawan masu faɗuwa gaggawa ce ke kayar da su: suna jefa kai baya su fara murɗawa tun ba su gama tashi ba, sai tsallen ya mutu. Na biyu, hannuwa ne linzami. Idan aka janyo su jikin ƙirji juyi yakan yi sauri, idan aka buɗe su yakan lafa, shi ya sa ake buɗewa gab da dira. Na uku, jiki a miƙe kuma a ɗaure ya fi saurin murɗuwa bisa jiki saɓa-saɓa, ƙafafu a haɗe, ciki a tamke. Na huɗu, ido ya nemo ƙasa kafin ƙafa, a dira bisa tafin gaba, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Tun 1894 wani Bafaranshe mai suna Marey ya ɗauki jerin hotunan kyanwa tana faɗowa, ya nuna yadda take juya gabanta sannan bayanta ba tare da ta dogara da komai ba. Ke nan ana iya murɗawa a sama, ba dole ne a fizgo ta daga ƙasa ba.

Daga nan tsarin koyo ya fito fili: alkafura zalla har ta zauna a jiki, sannan rabin murɗiya, sannan cikakkiya, kowane mataki da mai tarewa a gefe. Sannu ba ta hana zuwa. Ko Simone Biles ta Amurka, wadda duniya ta sallama wa a fagen juyi, ta janye daga gasa a wasannin Olamfik na Tokyo a 2021 saboda ta daina gane inda jikinta yake a sama. Idan gwana irin wannan ta tsaya, yaron da kansa ya ɗaure a tsakiyar juyi ba shi da abin jin kunya idan ya dakata.

Ba mu ga amfanin hana wasan ba, domin wanda aka hana a fili zai koma yi a ɓoye bisa siminti. Abin da ya kamace mu shi ne mu mayar masa da abin da ya rasa a hanya. A ware wuri a zuba yashi mai kauri ko ɓuntun shinkafa, wanda ba ya wuya a Tamale. A samu babba a cikinsu ya zama ubangida, kada ƙarami ya gwada sabon juyi sai da izninsa. Kowa kuma ya sani, wanda ya faɗi a kan wuyansa ba a ɗaga shi zaune, ba a murza shi, sai a riƙe kansa yadda yake a nemi ma'aikatan asibiti.

Allah Ya tsare mana zuriya, Ya ƙara musu lafiya da basira.