Mary Barber da Farkon Sa Ido kan Ƙwayoyin Cuta Masu Bijire wa Magani

Wannan maƙala za ta duba yadda aka fara bin diddigin ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani a asibitoci. Mun zaɓi kalmar "bijirewa" maimakon "juriya", domin a wurin Bahaushe juriya halin yabo ce.

Galibi akan ambaci Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya kuma yi gargaɗi a 1945 cewa amfani da shi ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin bijirewa. To amma a ganinmu, wadda ta mai da gargaɗin nan hujja ita ce Dokta Mary Barber ta asibitin Hammersmith a Landan. Ta dinga gwada ƙwayar sitafilokokus, wato mai haddasa maruru da ruɓewar rauni, tana rubuta sakamakon. A 1946 kashi 14 cikin ɗari na waɗanda ta gwada ne suka bijire wa fenisilin. A 1947 suka kai 38, a 1948 kuwa 59. Bugu da ƙari, ta nuna cewa a cikin asibitin suke yaɗuwa, sau da yawa ta hanyar ma'aikatan jinya da ke ɗauke da su a hanci ba da saninsu ba. Da aka tsaurara ƙa'idar ba da magunguna a asibitin, sai bijirewar ta ragu.

An fito da sabon magani, metisilin, a 1959, amma a 1961 Patricia Jevons ta ba da rahoton ƙwayoyin da suka bijire masa. Sai a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa GLASS, tsarin tattara irin waɗannan alƙaluma daga ƙasashe.