Amsoshin Takardunku: Tarihin Faifan Garmaho Da Dabarar Juye Shi

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Funtuwa, ya aiko da takarda yana cewa: "Mahaifina ya rasu ya bar mini akwati cike da fayafayan garmaho da kaset-kaset. Don Allah ku ba ni tarihin faifai, kuma ko akwai dabarar da zan ji waƙoƙin nan a wayata?"

AMSA: To Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifi. Shi dai wannan al'amari ya faro ne a Amurka cikin 1877, lokacin da Thomas Edison ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar murya ta kuma maimaita ta. Sai dai tasa ba faifai take ci ba, wani abu ne mai siffar gwangwani. A 1887 ne wani Bajamushe mazaunin Amurka, Emile Berliner, ya fito da faifai shimfiɗaɗɗe, ya kuma raɗa wa na'urarsa sunan da Bahaushe ya mayar garmaho.

Fayafayan farko da wani irin ƙaro ake yin su, wanda wani ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya. Ga nauyi, ga saurin fashewa kamar tangaran. Suna juyawa sau 78 a minti, kuma kowane gefe ba ya wuce kimanin minti uku. Garmahon kuwa ba ruwansa da lantarki, wani ake yi masa da hannu, a riƙa sauya masa allura. Dattawa za su tuna da mai hoton karen nan da ya kasa kunne.

A 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifan roba mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, wanda gefe guda ke cin minti ashirin da ɗoriya. Shekara ta zagayo, RCA Victor ya kawo ƙarami mai juyawa sau 45. A irin waɗannan fayafayai na roba ne kamfanin EMI ya fitar da waƙoƙin su Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos.

Kaset kuwa kamfanin Philips na Holan ne ya ƙirƙiro shi a 1963. Shi ya kai waƙa da wa'azi har ƙauye, domin rakoda da batir take aiki, kuma kowa na iya ɗaukar abin da yake so. A 1982 Philips da Sony na Japan suka kawo faifan sidi, daga baya kuma a shekarun 1990 masanan Jamus suka fito da MP3, wato dabarar matse sauti har ɗaruruwan waƙoƙi su shiga memori ɗan mitsitsi. Amma fa faifan roba bai mutu ba. A 2022 an sayar da miliyan 41 a Amurka, sidi kuwa miliyan 33, karo na farko ke nan tun 1987 da faifai ya wuce gaba.

To yanzu ga batun juyewa. Ana haɗa na'urar juya faifai ko rakoda da kwamfuta, a kunna, kwamfuta tana ɗauka. Ba a gaggawa, waƙar minti ashirin minti ashirin za ta ci. Daga nan sai a tura maka a memori. Ka nemi mai gyaran rediyo ko mai tura waƙoƙi da ya san aikin, amma ka kula da abubuwa kamar haka:

Na farko, a goge faifan da tsumma mai laushi, ana bin da'irarsa. Kada a sa wa na ƙaro sinadarin barasa, narkar da shi yake yi. Na biyu, faifan 78 allurarsa daban ce, ta fi kauri. Na uku, a jera fayafayai a tsaye cikin inuwa, domin zafi na lanƙwasa roba, yana kuma lalata zaren kaset. Na huɗu, a rubuta sunan mawaƙi da na waƙa. Na biyar, ka ajiye a wuri biyu, don memori kan mutu ba sallama, waya kuma takan faɗi a kasuwa.

Kuma ko an gama juyewa, kada ka yar da na asali. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗanmaraya a 2015, ba mai sake jin sabuwar waƙa daga bakinsu. Ƙila a akwatin nan naka akwai wadda ba ta hannun kowa a garinku. Ka juye don jin daɗinka da iyalinka, banda sayarwa, domin waƙa tana da masu haƙƙi.

Da fatan Alhaji ya gamsu. Sai mun sake jin ku.