Bishof Philander Chase da Kwalejin da Ya Sassaƙa Daga Dokar Daji

Sa'ad da Amurkawa suka ƙwaci 'yancinsu daga hannun Sarkin Ingila, babu wata jama'ar addini da ta ji jiki kamar mabiya cocin Ingila da ke ƙasar, domin limamansu sun yi wa sarki mubaya'a tun ranar da aka naɗa su, addu'o'insu na Lahadi kuwa cike suke da roƙon Allah ya ja zamaninsa. Saboda haka da yaƙi ya ƙare, waɗansu suka yi hijira zuwa Kanada da Ingila, majami'u da yawa suka zama kufai, waɗanda suka saura kuma ana yi musu kallon 'yan koren tsohon mai mulki. Sai a shekarar 1789 suka tattara kansu, suka tsara dokokinsu, suka tsaya da ƙafarsu da sunan cocin Episkofal, wato cocin da bishof-bishof ke shugabanta. A cikin wannan hali na rauni ne Philander Chase ya shigo cikinsu, alhali ba gadonsa ba ne.

An haife shi ran 14 ga Disamba, 1775, a ƙauyen Cornish cikin New Hampshire, auta ne a gidan wani manomi mai tarin 'ya'ya, mabiyin ɗariƙar Kongrigeshan. Yana ɗalibi a Kwalejin Dartmouth ya ci karo da littafin addu'o'in cocin Ingila, ya nazarce shi, ya gamsu da tsarinsa, har ya sauya mazhaba, sa'an nan ya jawo mutanen gidansu suka bi shi. Wannan kuwa ita ce alama ta farko ta halin da ya rayu da shi har mutuwa, cewa in ya ƙudura abu a ransa ba ya hutawa sai kowa na kusa da shi ya ƙudura. Bishof Samuel Provoost na New York ya naɗa shi ƙaramin limami a 1798, ya zama cikakke a 1799. Ya yi yawon wa'azi a ƙauyukan New York, ya tafi New Orleans a 1805 ya jagoranci jama'ar Furotesta ta farko a wannan birni na Katolika, ya koma Hartford a 1811 inda ya sami majami'a mai wadata da zaman rufin asiri.

Mai neman hutu da nan ya tsaya. Shi kuwa a 1817 ya bar wannan ni'ima ya nufi Ohio, wadda a lokacin ita ce bakin iyakar zaman Turawa ta yamma, ƙasar kurmi da taɓo da bukkokin gungume, inda ake kwashe kwanaki bisa doki tsakanin wannan jama'a da waccan. Matarsa ta fari, Mary Fay, ba ta jure wahalar ba, ta rasu a 1818. A shekarar nan ce 'yan limaman da ke jihar, waɗanda ba su kai goma ba, suka zaɓe shi bishof, aka tabbatar masa da muƙamin a Philadelphia ran 11 ga Fabrairu, 1819. Bishof ne wanda ba shi da albashin kirki, yana noma gonarsa a Worthington da hannunsa, yana koyar da yara don ya ciyar da iyali, cikinsu har da ɗan ɗan'uwansa maraya, Salmon Chase.

A nan ya fahimci abin da ya zama jigon rayuwarsa. Ya yi ta aika wasiƙu gabas yana roƙon a turo masa malamai, ba wanda ya amsa, don kuwa saurayin da ya yi karatu a New York ko Philadelphia ba zai bar titi da fitila ya zo ya kwana a bukka ba. Sai ya yanke hukunci cewa in har ana son limamai a yamma, to, tilas a horar da 'ya'yan manoman yamma a ƙasarsu, da kuɗi kaɗan, cikin irin wahalar da za su yi aiki a cikinta. Kuɗi kuwa babu a Ohio. Ya yi niyyar ketare teku ya roƙi mutanen Ingila, shekara tara kacal bayan sojojinsu sun ƙone fadar mulki a Washington.

Babbar adawar da ya gamu da ita daga cikin gida ta fito. Bishof John Henry Hobart na New York, mutum mai ilmi da faɗa-a-ji, yana ganin makarantar horar da limamai guda ɗaya da aka kafa a birninsa ta ishi cocin duka, kuma yawon bara a Ingila zubar da mutuncin Amurka ne. Bai tsaya ga nasiha ba, ya bi da rubuce-rubucen da suka riga Chase isa wurin manyan Landan, har Chase ya tarar an rufe masa ƙofofi tun bai ƙwanƙwasa ba. Hujjar Hobart ba ta wauta ba ce, ƙaramar jama'a tana da dalilin tsoron rarraba ƙarfinta, amma a ganina bai san Ohio ba, kuma wanda bai taka ƙasa ba bai kamata ya yanke wa mazaunanta hukunci ba. Chase ya tashi a Oktoba 1823 da wasiƙar gabatarwa daga ɗan siyasar Amurka Henry Clay zuwa ga Lord Gambier, tsohon hafsan jiragen ruwan yaƙin Ingila, wanda suka zauna tare da Clay a teburin sulhun Ghent tsakanin ƙasashen biyu. Ta wannan ƙofa ya shiga, sannu a hankali, har ya kai ga Lord Kenyon, da Lord Bexley, da Lady Rosse, da tsohuwar marubuciya Hannah More.

Akwai wani al'amari a nan da bai halatta a ɓoye ba. Lokacin zamansa a New Orleans, Chase ya sayi bawa mai suna Jack, wanda ya gudu bayan 'yan watanni. Da aka kama shi bayan shekaru, Chase ya aika a 'yanta shi. Labarin nan ya isa kunnen masu yaƙi da cinikin bayi a Ingila, ya buɗe masa zukatansu da aljihunsu. An yaba masa bisa 'yantawar, amma Jack ne ya fara 'yanta kansa da ƙafafunsa, malamin addini kuwa ya riga ya ɗauki dukiya ya sayi ɗan Adam, kuma wannan tabo ne a tarihinsa.

Chase ya komo a 1824 da gudummawar da ta kai wajen dala 30,000, bayan da ɗansa, wanda shi ma limami ne, ya rasu yana can. A ƙarshen shekarar majalisar Ohio ta ba da izinin kafa makarantar. Aka fara karatu a gonarsa ta Worthington, sa'an nan ya sayi eka 8,000 a gundumar Knox, ya zaɓi wani tudu bisa kogin Kokosing, nesa da gari da gangan, don ya tsare tarbiyyar ɗalibai daga mashaya da caca. Ya sa wa kwalejin sunan Kenyon, ƙauyen kuma Gambier. An aza harsashin babban ginin dutse a 1827, ɗalibai suka ƙaura a 1828. Shi ne mai sare daji, shi ne mai kula da injin yankan katako da na niƙa, shi ne ma'aji, shi ne shugaban gidan waya na ƙauyen, shi ne mai wa'azi ran Lahadi. Matarsa ta biyu, Sophia, ita ke riƙe da lissafin abinci da wanki da jinyar ɗalibai, kuma lalle rabin ladan ginin nata ne, ko da yake ba a cika ambatonta ba.

To, amma ƙarfin halin da ya tsai da ginin shi ne ya hana shi zama a cikinsa. Chase yana ɗaukar kwalejin tamkar gidansa, shi ne uba, malamai da ɗalibai duk 'ya'ya, ba shawara, ba majalisa. Malaman kuwa mutane ne masu ilmi, albashinsu kaɗan, ba su yarda bishof ya riƙe coci da makaranta da aljihu a hannu guda ba. Suka kai ƙara ga babban taron cocin jihar a 1831, taron ya karkata gare su. Maimakon ya karɓi a rage masa iko, sai ya ajiye shugabancin kwalejin da bishofcin Ohio gaba ɗaya, ya ɗauki iyalinsa ya tafi, daga bisani ya sauka a Gilead cikin Michigan ya koma noma. Ina ganin malaman suna da gaskiya a kan asalin maganar, domin waƙafin ilmi ba ya ɗorewa in an rataye shi a wuyan mutum ɗaya. Duk da haka akwai ciwo a ganin dattijo ya juya wa aikin hannunsa baya, babu ko godiya mai gamsarwa daga waɗanda suka gaje shi.

Yana da shekara kusan sittin, a 1835, 'yan limaman Illinois suka kira shi ya zama bishof nasu. Ya amsa, ya sake ketare teku neman taimako, ya sake sayen fili a kusa da Peoria, ya aza harsashin Kwalejin Jubilee a 1839, a wannan karo ya tsara al'amura yadda ba mai iya karɓe masa ragama. A 1843 ya zama babban bishof na cocin Episkofal duka, saboda ya fi sauran daɗewa a muƙami. Ya rasu ran 20 ga Satumba, 1852, bayan ya faɗo daga keken doki.

Jubilee, wadda ya riƙe gam har numfashinsa na ƙarshe, ba ta daɗe bayansa ba, aka rufe ta a 1862. Kenyon, wadda aka raba shi da ita, tana nan tana yaye ɗalibai har yau, kuma cikin waɗanda ta yaye akwai Rutherford Hayes, ɗan ajin 1842, wanda ya zama shugaban Amurka. A shekarar da aka rufe Jubilee, ana tsakiyar yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta, mutum biyu da suka ratsa ta hannun Chase suna zaune a majalisar Shugaba Lincoln: Edwin Stanton, wanda ya shiga Kenyon a shekarar da bishof ya bar ta, yana ministan yaƙi, Salmon Chase kuma, marayan nan na gonar Worthington, yana riƙe da baitulmali.