Kano zuwa Jidda: Nisan hanya da tsawon tafiya a jirgin sama

Tazarar da ke tsakanin birnin Kano a arewacin Najeriya da birnin Jidda na ƙasar Saudiyya ta kai kimanin kilomita 3,400, idan aka auna ta a miƙe ta sararin samaniya.

Jirgin fasinja da ke gudun kilomita 800 zuwa 900 a sa'a guda kan kammala wannan tafiya cikin sa'o'i huɗu da rabi zuwa biyar, matuƙar bai yada zango ba.

Sai dai ko da yake nisan ba ya sauyawa, lokacin kan sauya, gwargwadon ƙarfin iska da kuma hanyar da aka bai wa jirgin izinin bi.

Hanyar jirgi

Hanya mafi kusa ita ce wadda ta ratsa samaniyar Chadi da Sudan, kana ta tsallaka tekun Bahar Maliya.

A watan Afrilun 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan, ƙasar ta rufe sararin samaniyarta, lamarin da ya tilasta wa jiragen maniyyatan Najeriya yin zagaye a aikin Hajjin wannan shekara. Hakan ya ƙara tsawon tafiyar, ya kuma ƙara tsadarta.

Wanda ya bi ta wani birni kamar Alkahira ko Addis Ababa kuwa, jiran jirgi na biyu kan ninka masa sa'o'in.

Bambancin agogo

Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da sa'o'i biyu.

Saboda haka jirgin da ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na safe, ya yi sa'o'i biyar a sama, zai sauka Jidda da ƙarfe 5 na yamma agogon can.

Ke nan lokutan azahar da la'asar duk za su riski matafiyi yana cikin jirgi, abin da ya sa ake son ya san hukuncin sallar matafiyi tun kafin ya bar gida.

Haka ma batun harami. Akasarin malamai na ganin wanda zai wuce Makka kai tsaye ya ɗaura niyya a sama, idan jirgi ya zo daura da miƙati. Wanda ya fara da Madina kuwa, sai ya iso Zul-Hulaifa yake ɗaukar harami.

Daga tsakiyar Jidda zuwa Makka tafiyar kimanin kilomita 80 ce a mota.

Kafin zuwan jirgi

Sai a shekarar 1925 ne jirgin sama ya fara sauka a Kano.

Kafin sufurin sama ya wadata, mahajjata kan bi ta Borno da Wadai da Darfur a ƙafa ko bisa dabbobi, har su kai tashar Sawakin, inda suke hawa jirgin ruwa zuwa Jidda.

Tafiyar kan ci watanni, wani lokaci shekaru, domin da yawa sukan tsaya noma ko ƙwadago don neman guzuri.

Wasu ba su ƙarasa ba, wasu kuma ba su komo gida ba, kuma zuriyarsu na cikin al'ummar Hausawan da ke zaune a Sudan har yau.