Mai Zanen Da Ba Ya Cire Hula



Kwanakin baya na tsaya wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a Yaba, ina jiran ruwa ya tsagaita, sai hannuna ya faɗa kan wani kundi na zanen barkwanci irin na jaridun Amurka na da. Na saya ne don yara, amma har yau yana ɗakina ban ba su ba.

Tsakanin ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya a 1918 da farkon na biyu a 1939, kusan babu talabijin a gidajen mutane. Rediyo da jarida su ne abokan hira. Masu jaridu suka lura mutane da yawa shafin zane suke fara buɗewa kafin labarai, sai kamfanonin dillanci irin su King Features na attajiri William Randolph Hearst suka bunƙasa. Mai zane ya zana sau ɗaya, su kuma su sayar wa ɗaruruwan jaridu, ya fito rana guda a ko'ina.

Ku dubi watan Janairun 1929 kaɗai. Ran 7 ga wata Tarzan ya fara fitowa a jarida da zanen Hal Foster. Ran 10 Tintin ya fito a Beljiyam daga alƙalamin Hergé. Ran 17 kuma Popeye, wancan mai cin ganye da muka sha kallo a talabijin, ya shigo cikin zanen E. C. Segar a matsayin ɗan rakiya kawai, daga baya ya ƙwace labarin gaba ɗaya. A Oktoban shekarar tattalin arzikin Amurka ya ruguje. Mutum ba aiki, amma ba zai rasa 'yan kwabban jarida ba.

To, abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suka zana mu. Edgar Rice Burroughs da ya ƙago Tarzan bai taɓa taka Afirka ba. Hergé ma bai je Kwango ba lokacin da ya kai Tintin can a 1930, ya zana mutanen ƙasar da manyan leɓuna kamar yara marasa wayo, har da wurin da Tintin ke koya wa ɗalibai cewa Beljiyam ce ƙasarsu. Da ya sake zana littafin a 1946 sai ya mayar da darasin na lissafi. A Mandrake na 1934 akwai Lothar, wai ɗan sarki ne daga Afirka, amma sanye da fatar damisa yana yi wa Bature barantaka da gurguwar Turanci. Mu da ke zaune a nan kudu, muka saba ganin Bahaushe a zanen jarida da rediyo a kunne yana gadin ƙofa, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Amma wanda ya hana ni barci shi ne George Herriman, mai zanen Krazy Kat, wanda ya fito daga 1913 har 1944. Labarin ba shi da yawa. Baƙar kyanwa ce ke son wani farin ɓera mai suna Ignatz, shi kuma kullum sai ya jefe ta da bulo a ka, ita ko tana ɗaukar jifan a matsayin saƙon soyayya. Ga wani kare ɗan sanda da ke son kyanwar, yana ta kai ɓeran gidan yari. Shekara 31 yana juya wannan abu guda, bai gaji ba. Masu karatu da yawa ba su gane kansa ba, jaridu suka riƙa janyewa, amma Hearst yana son zanen, ya hana a taɓa shi.

An haifi Herriman a New Orleans a 1880. Yana ɗan shekara goma iyayensa suka yi ƙaura zuwa Los Angeles. Abokan aikinsa suna kiransa Bagirke saboda launin fatarsa, shi kuma bai musa ba. Da wuya ka ga hotonsa babu hula a kansa. Ya rasu a 1944, takardar mutuwarsa ta ce farar fata ne. Sai a 1971 wani mai bincike, Arthur Asa Berger, ya samo takardar haihuwarsa, aka ga an rubuta shi cikin masu jinin baƙar fata. Ashe hular tana rufe nannaɗaɗɗen gashi ne. A Amurkar wancan zamani, da an sani, da wuya ya zauna kan wannan kujera.

Da na san wannan sai na koma kan kundin da wani ido. Akwai wurin da kyanwar ta shiga shagon kwalliya ta fito fara fat, ɓeran nan da ke jifanta ya ruɗe da sonta nan take. Mutumin yana faɗin abin da ke cikinsa a gaban miliyoyin mutane, ba wanda ya ji.

Ba zan wanke shi tas ba. A 1902 shi ma ya zana wani baƙin mawaƙi, Musical Mose, da irin muguwar siffar nan, kuma abin dariyar shi ne Mose yana ƙoƙarin wucewa a matsayin ɗan wata ƙabila ana gano shi ana duka. Ban da ƙarfin halin zarginsa sosai. Ni kaina akwai ranar da ake wani rikici a gari, na cire hulata na cusa a aljihu kafin in shiga mota, na kuma yi shiru har na sauka don kada harshena ya tona ni. Nawa na rabin awa ne.

Akwai waɗanda ba su ɓoye ba, irin su Jackie Ormes da ta fara zana Torchy Brown a 1937, sai dai a jaridar baƙar fata ta Pittsburgh Courier ta samu fili. A wannan shekarar ce Azikiwe ya kafa West African Pilot a nan Legas, inda daga baya Akinola Lasekan ya riƙa zana 'yan mulkin mallaka yadda shi ya gan su.

Da Herriman ya rasu, ba a ba wani mai zane Krazy Kat ya ci gaba ba kamar yadda aka saba yi wa sauran. Zanen ƙarshe ya fito a watan Yunin 1944, wata biyu bayan mutuwarsa.