Faifai

faifai (suna, namiji, jam'i: fayafayai)

1. Kewayayyen marfi da mata ke saƙawa da kaba ko ciyawa, a rufe ƙwarya ko a sheƙe hatsi da shi. Ana samun sa a kasuwannin Dogo-Dogo, Dungas da Magarya. *Rufe furar da faifai.*

2. Baƙin farantin da ake naɗar sauti a kai, allurar garmaho ta bi zanensa waƙa ta fito. Cikakken sunansa faifan garmaho. Na dā yana juyi 78 a minti, ga saurin fashewa. Masu juyi 33 da 45 sun fito a Amurka a 1948 da 1949, kuma su ne masu sha'awar kiɗan jaz ke farauta har yau, musamman bugun farko. Neman ya iso Nijar: kaset ɗin da Mamman Sani mai organ ya naɗa a Yamai a 1978 ya yi wuyar samu, sai kamfanin Sahel Sounds ya sake buga shi a faifai a 2013. Wanda ya gaji irin wannan kaya ya adana shi a tsaye cikin inuwa, don zafin rana na lanƙwasa shi.

3. A yau, CD ko bidiyo. *An saki faifan bidiyo.*